'Yata ta ƙi sa komai sai rigar Sallah da hular sanyi: taurin kai ne ko gajiya?

Tambayar ta fito daga wata uwa a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe. Yaranta biyu ne, mace 'yar shekara 3 da rabi da namiji ɗan shekara 5. Yarinyar ba ta yarda a sa mata komai sai rigar Sallar bara mai tattara, ta ɗora hular sanyi ko da ana zafin Afrilu, ta zura takalmin dama a ƙafar hagu. Yaron kuwa rigar ƙwallo guda ya liƙe wa, ko ta yi dauɗa. Da yamma bayan Islamiyya, cire kayan nan sai an yi kuka da birgima, wani lokaci barci ya kwashe su a tsakar gida ko tuwo ba su ci ba. Surukarta ta ce sangarta su take yi. Tana so ta san ko akwai matsala, da kuma abin yi.

'Yar'uwa, abubuwa biyu ne suka cakuɗe a gidanki, kuma kowanne maganinsa daban. Son yaro ya zaɓi abin da zai sa alamar girma ce, lafiyayyar alama ma. Kukan da birgimar da ke biyo baya kuwa, yawancinsu na ƙarancin barci ne da yunwa. Idan kika gyara barcin, za ki tarar rigimar kayan ta ragu tun kafin ki taɓa akwatin tufafi.

Mu fara da zaɓen kayan, don hankalinki ya kwanta. Daga wajen shekara 2 yaro ke gane cewa shi mutum ne mai son ransa, amma ba shi da iko da komai a gida: ba shi ke zaɓar abinci ba, ba shi ke zaɓar lokacin wanka ko makaranta ba. Rigar jikinsa ce kusan abu ɗaya da hannunsa ke kaiwa. Ɗan shekara 2 ya iya tuɓe kaya da takalmi. A shekara 3 yana iya sa wando mai roba da riga mai faɗin wuya idan an ɗan taimaka. Maɓalli sai wajen shekara 4, ɗaurin igiyar takalmi sai 5 zuwa 6. Bambance dama da hagu ma sai an kai can, shi ya sa juya takalmi a shekarun 'yarki ba abin a tsawata ba ne. Nacin riga guda kuma yana da dalili: yara a wannan shekarun suna samun natsuwa da abin da suka saba da shi, kamar yadda suke so a maimaita musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi guda kullum ba gajiya. Rigar Sallah a wurinta ita ce ranar da kowa ya ce ta yi kyau, aka ba ta barka da Sallah. Tana so ranar ta dawo.

Yanzu ki ɗauki biro mu yi lissafin barci, domin nan ne yawancin gidaje ke asara ba su sani ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a ciki. Ɗan shekara 5 ma likitocin barci a wannan ajin na awa 10 zuwa 13 suke sa shi. To, a gidan da ake tayar da yara ƙarfe 6 don shirin makaranta, idan sai ƙarfe 10 suke kwanciya saboda ana jiran maigida ya dawo, ko an kawo wuta an kunna talabijin, ko ɗaki ya yi zafi ana shan iska a waje, awa 8 kawai suka samu. Giɓin awa 2 ke nan kowace rana, awa 10 daga Litinin zuwa Juma'a. Sannan ga boko da safe, ga Islamiyya bayan la'asar, ba hutu a tsakani. Babba ma idan aka yi masa haka mako guda sai ya fara faɗa da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne gajiyar yaro ba ta kama da ta manya. Babba idan ya gaji sai ya yi laƙwas. Yaro kuwa idan lokacin barcinsa ya wuce, jikinsa kan ƙara zabura: guje-guje, tsalle a kan katifa, dariyar da ba dalili wadda nan take take komawa kuka. Sai uwa ta ce ai idonsa biyu tar, bai ji barci ba, alhali an riga an makara. Alamun farko da ya kamata ki kama su ne murza ido, jan kunne, yawan tuntuɓe, liƙe miki a zane, da ƙin abin da shi da kansa ya roƙa yanzun nan. A wannan hali ɓangaren ƙwaƙwalwa mai danne fushi, wanda dama bai nuna ba a shekarunsu, ba ya aiki sosai. Don haka "cire rigar nan" da ƙarfe 7 na dare ba daidai take da "cire rigar nan" da hantsi ba.

Ga yadda za ki dawo da barcin. Ki tsayar da lokacin tashi tukuna, misali ƙarfe 6, ki ƙirga awa 10 baya: ƙarfe 8 na dare ya zama sun yi barci, ba lokacin za a fara neman soson wanka ba. A Gombe wannan ya yi daidai da bayan sallar isha'i kaɗan, don haka kiran isha'i ya zama ƙararrawarki. Kada ki yi tsalle daga ƙarfe 10 zuwa 8 a dare guda, za su kwanta ne kawai suna juyi. Ki riƙa jawo lokacin da minti 15 duk kwana 2 ko 3; cikin mako 3 kin isa. Asabar da Lahadi kada bambancin ya wuce awa 1, in ba haka ba ranar Litinin kin koma gidan jiya.

Yarinyar tana bukatar ƙailula. Bayan ta dawo makaranta ta ci abinci, ki kwantar da ita awa 1 zuwa awa 1 da rabi, ki tashe ta kafin la'asar. Barcin da ya zarce ƙarfe 4 shi ke cinye na dare. Yaron mai shekara 5 mai yiwuwa ya daina barcin rana, kuma babu laifi. A ba shi minti 30 zuwa 45 a kwance a inuwa ba waya ba talabijin. Idan lokacin Islamiyya ya hana wannan hutun gaba ɗaya, ki yi magana da malamin. Yarinya 'yar shekara 3 da rabi da ke gyangyaɗi a kan tabarma ba abin da take haddacewa, gara ta je kwana 3 a mako idonta buɗe.

Sai tsarin yamma, wanda a ganina shi ne inda za ki fi saurin ganin canji. A yawancin gidajenmu tuwon dare ba ya sauka sai bayan magariba, yaro kuma rabonsa da abinci tun azahar. Da sun shigo daga Islamiyya, kafin ki ce uffan a kan kaya, ki ba su ruwa da ɗan abin taɓawa: ayaba, dafaffen dankalin Hausa, ƙosai biyu, ko rabin kofin kunun gyaɗa. Bayan minti 10 sai wanka. Wankan nan shi ke raba su da rigar ba tare da gardama ba, tunda ba mai shiga bokiti da rigar Sallah, kuma umarnin ya tashi daga "cire" ya koma "zo mu yi wanka." Kayan barci su kasance a shirye a bakin banɗaki. Ki zuba musu abincinsu da wuri, ko da na manya bai kammala ba. Daga nan hanya ɗaya kullum: wanke baki, fitsari, shiga gidan sauro, tatsuniya ɗaya, addu'ar barci, a rage haske. Duka kada ya wuce minti 30. Waya da talabijin a kashe su awa 1 kafin kwanciya. Ƙa'idar 2019 ɗin nan ma ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsu ya haura awa 1 a yini. Shayi mai ganye da lemon kwalba baƙi suna da sinadarin da ke korar barci, kada a ba su da yamma. Kuma ina roƙonki, kada wani ya ba ki shawarar ɗura musu maganin mura ko na tari don su yi barci. Yana da haɗari ga ƙananan yara, wasu ma maimakon barci sai ya ƙara haukata su.

To, kayan kansu fa? Ki rage abin da ido ke gani. Yaro ba ya rigima a kan abin da ya manta da shi. Ki ware kwando ɗaya ko durowa ta ƙasa ga kowane yaro, ki zuba kaya 5 ko 6 da suka dace da yanayin da ake ciki, waɗanda duk wanda ya ɗauka kin yarda. Kayan sanyi a lokacin bazara su koma can ƙasan akwati ko saman sif. Zaɓin kuma a yi shi da daddare bayan wanka, ba da safe ana sauri ba. Ki ɗaga biyu kawai: "Mai fure ko shuɗiyar?" Kada ki tambaya "me za ki sa?", don tambaya ce da ta fi ƙarfinta, amsarta kuma kullum rigar Sallah ce. Idan ta ƙi zaɓa, ki ce mata cikin sanyin murya, "To yau ni zan zaɓa, gobe ke," ki kuma cika alkawarin. Abin da aka zaɓa a rataye shi inda za ta gani da ta farka.

Rigar Sallar kuwa a ba ta lokacinta maimakon a haramta ta. Misali ranar Juma'a da yamma, ko duk ranar da za a je gidan Kaka. Ki zana mata ranakun mako a takarda ki yi wa Juma'a alama, ta riƙa ƙirgawa. Idan ma rigar ta matse ta, ba za a sake fita da ita ba, a bar mata ta zama ta wasa a cikin gida. Ajiyar rigar da ta yi kaɗan ba ta da wani amfani sai dai in ƙanwa ake jira. Rigar ƙwallon yaron ta fi sauƙi. Irin yadin nan yana bushewa cikin awa 2 ko 3 a iskar Gombe, don haka dokar ita ce ana wanke ta duk dare, shi zai jefa ta a bokiti da hannunsa, kuma sai an dawo makaranta ake sa ta. In da hali a nemo masa irinta guda a gwanjo, a riƙa musanyawa. Takalmi kuma ki ɗiga jan farce a gefen ciki na kowace ƙafa, ki ce mata ɗigon biyu su gaisa kafin ta sa. Silifas a juye a tsakar gida ba ya lahanta ƙafa, sai dai yana sa tuntuɓe, shi ya sa za a gyara in za a fita.

Launin da bai hau ba, wando a ƙarƙashin siket, hular babansa, ɗankwalinki da take ja a ƙasa, duk ki kau da kai. Wurare uku ne kawai za ki tsaya ba ja da baya, kuma ki gaya musu dalili a taƙaice.

Na farko yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Gombe da Bauchi kan kai maki 40, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Hular sanyi da riga mai shafi biyu ta leshi ko net suna tare zufa, su haifar da ƙurajen zafi a wuya, hammata da bayan gwiwa, ƙaiƙayin kuma ya hana barci, gobe rigima ta ƙaru. A lokacin nan auduga mara nauyi ce abin sawa. In kina shakkar yadi, ki zare zare ɗaya daga cikin kalmasa ki kusanta shi da ashana nesa da yara: auduga tana ƙonewa ta bar toka mai laushi da warin takarda, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Hular ki bar mata ta sa da sassafe ko ta rungume ta kamar 'yartsana, amma ba a rana ba. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, matsalar juyawa take: yaro ya ƙi rigar sanyi da asuba. A yi masa shafi-shafi, singileti, riga, sannan rigar sanyi mai zif da zai iya cirewa da kansa idan rana ta ɗaga, a shafe jiki da man kaɗanya ko basilin tun fata na da danshin wanka. Idan akwai mai sikila a gidan, nan babu zaɓi ko kaɗan, domin sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar da ciwon.

Na biyu haɗari, kuma wannan ne ya fi damuna. Riga mai baza ta yadin roba kusa da murhu, kurfoti ko risho abin tsoro ce: tana kama wuta da sauri, ta narke ta manne a fata. Da sanyi yara suna matsowa jin ɗumi, a lokacin ne irin wannan ƙuna ke yawa. Don haka rigar Sallah ba ta shiga madafa. In tsautsayi ya faru, a kashe wutar, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, kada a fizge yadin da ya manne, kada a shafa ƙwai, man goge baki ko manja, a tafi asibiti. Haka dogon hijabi, gyale ko bakin riga a kan babur: a naɗe shi a cusa a ƙarƙashin yarinya kafin a tashi, don taya ko sarƙa na iya fizgarsa. Ba a kwanciya da abu mai igiya a wuya, kuma duwatsun ado da maɓallin da ya fara lilo a cire su, musamman in akwai mai rarrafe a gidan.

Na uku yunifom ɗin makaranta da suturar da gidanku ya ginu a kai. Nan ma akwai ɗan zaɓin da za ki bari: wace safa, wane ribom, rigar za a fara sawa ko wandon.

Kafin ki yanke cewa kafiya ce, ki juya rigar da yaro ke ƙi ki shafa cikinta da bayan hannunki. Sau da yawa yana da gaskiya, bakin faɗa ne ba shi da shi. Takardar wuya mai kaifi, zaren surfani da ke sukar ƙirji, shadda mai sitati, robar wando da ke barin shaida a ciki, sabuwar atamfa da ba a wanke ba, ko garin sabulu da bai fita ba, duk suna cizo. A yanke takardar, a sa singileti a ƙarƙashin mai surfani, a ɗauraye kayan yara sau 2, robar ƙugu kuma ya zama yatsunki biyu na shiga. Takalmi a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsan ƙafa da bakinsa, a duba duk wata 3 ko 4, don ƙafarsu ba ta jira. In ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu, kuma wasu a gidan ma suna susa, a yi zargin ƙazwa. Maganinta sai an yi wa kowa a gidan lokaci guda.

Idan birgimar ta riga ta fara, dogon bayani ba ya shiga. Ki kawar da abin da zai ji mata ciwo, ki durƙusa daidai tsayinta, ki faɗi jimla ɗaya: "Na san kina son rigar, ranar Juma'a za ki sa." Ki yi shiru ki zauna kusa. Yawanci cikin 'yan mintoci take saukowa, daga nan a rungume ta a ci gaba da abin da ake yi. Kuskure biyu ke tsawaita matsalar. Ɗaya shi ne ki ce a'a, ta yi kuka minti 10, sannan ki miƙa mata; kin koya mata farashin rigar ke nan. In za ki yarda, ki yarda tun farko. Ɗayan shi ne duka ko tsoratarwa da dodo. Yaron da ya gaji ba darasin da yake ɗauka daga bulala, tsoro kuma yana ƙara nisanta shi da barcin da kike nema.

Akwai gajiyar da ba ta barci ba ce. Idan kin yi mako 2 zuwa 3 suna samun awanninsu amma yaro na nan a sanyaye, ba ya son wasa, ki duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa. In sun yi fari, ana zargin ƙarancin jini, wanda a wajenmu zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da ƙarancin abinci mai gina jini ke yawan jawowa; a je a auna. Zazzaɓi, musamman da damina, a yi gwajin jini kafin a ba da magani. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa duk wata da damina na 'yan wata 3 zuwa 59 ne, wato 'yarki na ciki, yayanta ya wuce, don haka gidan sauro ya zama dole gare shi. Jijjiga, amai da duk abin da aka ci, kasa shan ruwa, ko barcin da aka kasa tayar da yaro daga shi, waɗannan na gaggawa ne ko tsakar dare ne. Minshari mai ƙarfi kullum, barci da baki buɗe, da numfashi mai ɗaukewa yana dawowa suna hana barci ya yi amfani ko awa nawa aka yi. A ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kada a kai wa wanzami a ce beli ne. Sannan idan ƙin wasu kaya ya zo tare da jinkirin magana, rashin waiwayowa in an kira sunansa, rashin haɗa ido, ko toshe kunne da ƙaramar ƙara, a kai wa likitan yara ya duba ji da yanayin girmansa da wuri.

Maganar surukarki Hajiya kuwa, kada ki mai da ita gardama. Da ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tarbiyya take nufi, kuma kin yarda da ita a kan haka. Ki nuna mata dokokin da kika tsayar, na wuta, na rana da na makaranta, da lokacin kwanciya, ki roƙe ta ta riƙe miki su idan yaran na ɗakinta. Ki ba ta wani ɓangare na aikin: ita ce mai ajiyar rigar Sallah, a wurinta ake karɓa ranar Juma'a, ita ce kuma mai tatsuniyar dare in tana kusa. Maigida ma a sanar da shi, domin in ya shigo ƙarfe 9 da tsire ko biskit ya tayar da su, aikin mako 3 ya rushe. Tsarabar a ajiye ta zuwa safe, shi kuma ya karɓi aikin taya yaron sanya yunifom bayan ya dawo daga sallar asuba.